Wai da Nana Asma'u za ta dawo ta gan mu da littafin soyayya a hannu, kuka za ta yi?

Maman_Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, don Allah a ba ni amsa ta hankali. Jiya a gidan suna wani kawun maigidana ya same mu mu biyar a tsakar gida muna musu a kan wani fim mai dogon zango, wata na cewa matar ta yi daidai da ta bar gidan, wata na cewa haƙuri ya kamata ta yi. Har murya ta fara tashi. Sai ya tsaya ya ce wai ƙasar da ta haifi Nana Asma'u, yau matanta ba su da abin tattaunawa sai auren mutanen da babu su a duniya, kuma da za ta dawo ta gan mu, da kuka za ta koma. Suruki ne, ban tanka ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Wannan son labari da muke yi, littafi ne ko fim ko zanen Japan da yaranmu suka haukace a kai, ya raba mu da layin su Nana ne, ko dama can akwai abin da ya haɗa?

Ummu_Sudais: Hhhh kawu bai taɓa leƙa gidan kallon ƙwallo ranar da aka ci Arsenal ba ke nan. Maza da gemunsu suna zage-zage a kan mutanen da ba su san da zamansu a duniya ba. Mu aƙalla namu da Hausa suke magana.

Abu_Hanifa_Gusau: Anti Ummu, ba a wanke laifi da laifi. Ƙwallon ma ɓata lokaci ce, na yarda. Amma dattijon nan gaskiya ya faɗa. Nana Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ƙannena mata kuwa sun haddace sunan kowane jarumi da na matarsa da na kishiyarta, ka ce su jero maka farillan alwala sai an fara kallon sama.

Ummu_Sudais: To kai me ka koya musu, yayan gida?

Malama_Rabi_Skt: Wa alaikumus salam. Ni 'yar Sakkwato ce, tun ina ƙarama kakata ke riƙe hannuna zuwa Hubbare, don haka in aka ambaci Nana Uwar Daje dole in sa baki. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu ɗaukar sunanta su doki mata da shi yawanci ba su san yadda ta yi aikinta ba. An haife ta a Ɗegel a 1793, ta rasu 1864. Tana da shekara wajen 11 aka yi hijira zuwa Gudu, don haka a cikin yaƙi ta girma. Bayan an ci Alkalawa a 1808 ƙauyuka cike suke da mata, da yawansu kamammu ne a yaƙi, waɗanda suka fi sanin bori a kan sallah. Me ta yi musu? Ba ta aika musu da littafin nahawu ba. Waƙa ta tsara, da Hausa da Fulatanci, mai ƙafiya, wadda mace za ta riƙe a ka tana daka ko tana kaɗi. Ta naɗa jajis, dattawan mata, ta ɗora musu malafa ta naɗe da jan ƙyalle, su ne ke jagorancin 'Yan Taru daga ƙauyuka zuwa wurinta, su ɗauki waƙoƙin su koma su koyar. Ita malafar nan kuwa, irinta Innar Gobir, shugabar 'yan bori, take sawa. Wato ta duba abin da idon mata ya saba girmamawa da abin da kunnensu ke so, ta bi ta nan ta shiga. Mace mai irin wannan basira ba kuka za ta yi ba in ta ga mata dubbai sun taru a kan labari ɗaya. Tambaya za ta yi, wa ke rubuta shi, ta ina yake isa gare su.

Maman_Ilham: Allah ya saka da alheri Malama. Maganar malafar nan ban taɓa jin ta ba.

Abu_Hanifa_Gusau: Malama, da girmamawa, hanya kika yi bayani, ba kaya ba. Abin da ke cikin waƙoƙinta tauhidi ne da tarihin Manzon Allah (SAW) da jerin surorin Alƙur'ani. Abin da ke cikin na yanzu Alhaji ya ƙara aure, uwargida ta tafi wurin boka.

Zee_Marubuciya: Malam Abu Hanifa, "Alhaji ya ƙara aure" ƙaramar magana ce a wurinka saboda ba kai ake yi wa ba. A cikinta akwai rabon kwana, akwai ciyarwa, akwai idda, akwai wa zai riƙe yara, akwai gado in ya faɗi ya mutu. Rabin babin aure na fiƙihu ke nan, sai dai mu da sunan mutane muke kawo shi. Ni ina rubutu a WhatsApp da Wattpad, kuma wallahi masu karatuna sun fi malamin jarrabawa tsanani. Na taɓa sa wata mai ciki ta kamu da jijjiga, na sa dangi suna mata hayaƙi ta farfaɗo. Kafin gari ya waye wata ungozoma ta cika mini waya da saƙon murya, tana faɗa mini alamomin da ke zuwa kafin jijjigar, kumburin ƙafa da fuska, ciwon kai, gani dishi-dishi, hawan jini, ta ce in na bar shafin haka wata za ta karanta ta zauna a gida ta mutu. A shafi na gaba sai da na kai matar asibiti. Ranar mata sun fi awa biyu a zauren sharhi suna ba da labarin haihuwarsu. In wannan ba ilimi ba ne, ban san sunansa ba.

Khadee_04: Anti Zee don Allah yaushe za ki saki shafi na 40, kin bar mu a tsaye tun Talata 😭

Zee_Marubuciya: Ke dai bari, wutarmu ta lalace.

Baffa_Tarihi: Bari in ɗan sa kwanan wata a maganar, don ana yin ta kamar mata sun daɗe da samun fili suka yi wasa da shi. Gasar da ta haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko an yi ta ne a 1933 a Zariya ƙarƙashin Rupert East. Waɗanda aka buga wa littafi: Abubakar Imam, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Bello Kagara, Muhammadu Gwarzo, John Tafida. Ba mace ko ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne tunda ba a cika sa su makarantar boko ba. Sai 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC (ba na man fetur ba) ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed bayan wata gasar. Ku lissafa tazarar. Bayan nan tattalin arziki ya karye, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, marubuta suka koma buga abinsu da kuɗinsu suna kai wa 'yan kasuwa a Kano. A nan ne mata suka shigo da yawa, su Talatu Wada Ahmed, Balaraba Ramat Yakubu, Bilkisu Funtuwa. Ita Balaraba an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara kamar 13, a ajin manya ta ƙarasa koyon rubutu, ga shi a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci. Wannan musun naku ma ba sabo ba ne. Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun daɗe suna fafatawa a jarida kan ko littattafan nan adabi ne ko kayan kasuwa.

Hajiya_Binta_Fagge: 'Ya'yana ku ba ni wuri, ni da abin ya faru a kaina. Ban yi boko ba, allo kawai, aka yi mini aure. Abokiyar zamana tana da 'ya 'yar sakandare, ita ke karanta mana littafin haya bayan isha'i, mu zauna a tabarma da fitilar ƙwai, har maƙota na shigowa. Yarinyar nan ta gane muna buƙatarta. Sai an kai daidai inda za a ɗaura aure ko asiri zai tonu, ta rufe littafi ta ce barci take ji, sai an ba ta kuɗin alawa. Ranar da na yi faɗa da uwarta kuwa babu karatu sam. Baƙin cikin wannan ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci, ba wa'azin kowa ba. Maigida ya ɗauka don in iya karanta takardar asibiti ne, na bar shi a haka. Yau da karatun nan nake duba fassarar Arba'una Hadisi, da shi nake rubuta bashin da ake ci a shagona, da shi nake muku wannan rubutu da yatsa ɗaya. In Nana za ta yi kuka, ina ga a kan shekarun da na yi ban iya karatu ba za ta yi.

Ummu_Sudais: Hajiya kin gama magana wallahi 👏

Ramatou_Maradi: Mu nan Nijar da Faransanci muka yi lakwal, Hausa a baki kawai take. Littattafan da 'yan kasuwa ke ɗauko mana daga Kano su suka koya mini yadda ake rubuta ta. Da farko ƙ da ɗ ɗin nan sun ba ni wuya ƙwarai.

Abu_Hanifa_Gusau: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ba zan yi jayayya da ke ba. Amma na zamaninku daban. Ki buɗe wasu na yanzu ki gani, wallahi ba za ki iya kai shafi biyu ba don kunya. Kuma yara 'yan shekara 14 ke karantawa a wayar iyayensu.

Zee_Marubuciya: Wannan kam akwai shi, kuma mu ya fi ɓata wa suna. Akwai masu sa batsa don ita ce ke kawo kuɗi da sauri. Amma wa ke yaƙar su a kullum? Mu ne, a ƙungiyoyinmu, mu ke korar su daga zaure. Ku kuma daga waje sai ku haɗa mu duka a buhu ɗaya.

Baffa_Tarihi: An gwada maganin waje ai. A 2007 a Kano an tara littattafai an cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata, lokacin shirin gwamnati na A Daidaita Sahu, aka kuma matsa wa marubuta su riƙa kai rubutu tacewa. Bayan 'yan shekaru rubutun ya koma waya inda ashana ba ta kaiwa, kuma abin da ake gudu ya fi na da yawa.

Sakura_Kano: Salam, ni ce ƙaramar zauren ina ga, amma tunda Anti Maman Ilham ta ambaci zanen Japan bari in kare kaina 😅 Saboda manga na fara bin tarihin Japan, a nan na tarar da abin da ya ba ni dariya. Littafin da ake yawan cewa yana cikin ƙagaggun labarai mafi tsufa a duniya, Labarin Genji, mace ce ta rubuta shi, Murasaki Shikibu, shekara dubu da suka wuce. A lokacin maza masu ilimi da Sinanci suke rubutu, suna ganin labari da harshen gida aikin mata ne. To akwai wata yarinya da aka haifa a 1008, ta girma a lardi nesa da babban birni, tana jin gutsattsarin labarin a bakin yayarta da matar babanta, har addu'a take yi a kai ta inda za ta same shi duka. Da gwaggonta ta ba ta cikakke, babi hamsin da wani abu, ta shige bayan labule tana karatu dare da rana. Har mafarki ta yi wani malamin addininsu yana ce mata ta koma karatun littafinsu mai tsarki, ta share shi. Da ta tsufa ta rubuta tarihin rayuwarta tana cewa ta yi nadamar lokacin da ta ɓata. Abin dariyar, wannan littafin nata yanzu shi ake koyarwa a makarantun Japan.

Ummu_Sudais: Ashe su ma suna da nasu kawun, har cikin mafarki yake bin mutum 😂

Abu_Hanifa_Gusau: Kun dai ji da kunnenku, ta yi nadama.

Sakura_Kano: Ta yi, Yaya, amma da hannun da karatun labari ya horar ta rubuta nadamar. Kuma har yau mata na ɓoye kansu a harkar. Wadda ta zana Fullmetal Alchemist sunanta Hiromi, ta mai da shi Hiromu, mai kama da na maza, don mujallar ta samari ce. Kamar yadda namu ke sa Maman wane ko Ummu wance don kada dangin miji su gane.

Sadiq_Dorayi: Don Allah wa ke da kashi na ƙarshe na fim ɗin da ake magana? Matar ta dawo gidan ko?

Admin_Fati: Sadiq ba a nan ba, akwai waɗanda ba su kalla ba. Kuma wanda ya sake turo littafin kuɗi na wata marubuciya kyauta a zauren nan zan cire shi, na faɗa tun satin jiya. A koma kan tambayar Maman Ilham.

Dr_Hauwa_Zariya: Na karanta duka. Ina tare da Hajiya Binta ɗari bisa ɗari, amma Malama Rabi, ki yi haƙuri, ban yarda a ce zaurukanmu 'Yan Taru ne na zamani ba, ko da ba haka kika faɗa kai tsaye ba, can maganar ta nufa. Muna yi wa kanmu daɗin baki. 'Yan Taru suna da malama, suna da abin da ake koyarwa, suna da wadda ta karɓa daga wadda ta karɓa. Da Nana ta rasu ƙanwarta Maryam ta ci gaba. Kuma Nana ba ita kaɗai ta faɗo daga sama ba, gidan malamai mata ta taso, mahaifinta ma a Nurul Albab ya caccaki mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci suna koyar da ɗaliban waje. In aka koma baya, Karima al-Marwaziyya a Makka manyan malamai maza ke zuwa ɗaukar Sahihul Bukhari a wurinta a ƙarni na biyar na Hijira. Wani malami ɗan Indiya, Muhammad Akram Nadwi, ya tattara tarihin mata masu ruwayar hadisi, aikin ya kai mujalladi 43. Me ya sa muka san su? Don an rubuta sunansu an adana. Rubutun Nana kimanin 60 ya iso mu ne saboda gidan Waziri, zuriyarta da mijinta Giɗaɗo, sun riƙe takardun, har Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997. Mu fa? Littafi mai shafi 80 yana cikin waya ɗaya. Wayar ta faɗa ruwa, ko a rufe lambar, shi ke nan. Sharhin ungozomar da Zee ta ba mu labari, ina yake yanzu? Nan da shekara 50 in wata ta zo neman abin da matan Hausa suka yi tunani a kai a zamaninmu, me za ta tarar?

Malama_Rabi_Skt: Dakta, ban ce su ne ba, na ce ƙofar da ta bi ta shiga har yau a buɗe take. Amma maganar adanawa kin taɓo inda ke ciwo. Ko waƙoƙin Nana, tsofaffin da suka haddace su da muryarsu suna ƙarewa, jikokinsu ba su ɗauka ba.

Zee_Marubuciya: Littafina na farko ni kaina ba ni da shi yanzu. Wata mai karatu a Kumasi ce ta turo mini rabi.

Sakura_Kano: A Amurka matan da ke son shirin talabijin na Star Trek sun sha irin wannan. Su ne suka yi ta buga 'yan mujallu na labaran da suka ƙirƙira a kan jaruman tun 1967, kuma wata mata, Bjo Trimble, da mijinta suka jagoranci ruwan wasiƙun da ya hana a tsayar da shirin a 1968. Da abin ya koma intanet kamfanoni suka riƙa goge musu rubutu, sai a 2007 masu irin wannan rubutu suka kafa ƙungiyarsu suka gina rumbun kansu, Archive of Our Own. A 2019 har babbar kyautar adabi ta Hugo aka ba rumbun. Masu karatu ne ke tara kuɗin riƙe shi.

Baffa_Tarihi: Gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ta ɗan taimaka, aƙalla an san sunan waɗanda suka ci, an karanta labaransu a rediyo. Amma gajerun labarai ne, kuma 'yan kaɗan a shekara. Dogayen da mata ke kwana a kansu ba mai tara su.

Abu_Hanifa_Gusau: Ni dai in za a tara, a tace tukuna. Ba kowane abu ya cancanci a ajiye wa jikoki ba.

Dr_Hauwa_Zariya: Wa zai tace, Malam? Da an ba mazan 1990 wuƙar tacewa, da littafin Balaraba, Wa Zai Auri Jahila?, bai kai yau ba, don a lokacin cewa aka yi yana zuga 'yan mata su ƙi aure. Mai bincike yana buƙatar mai kyau da marar kyau, a rufe marar kyan daga yara kawai.

Hajiya_Binta_Fagge: Ina da akwatin ƙarfe guda cike da na da, wasu bangon ya cire, wasu gara ta taɓa gefe. Yarana sun so su ba mai ƙosai na hana. In akwai mai ɗaukar hotonsu shafi-shafi ya zo, amma a gabana za a yi, ba na ba da aro, na san halinku.

Maman_Ilham: Ni na zo neman amsar da zan riƙe a raina, ga shi an ɗora mana aiki 😄 Har yanzu dai ban ji wanda ya ce mini fim ɗin da muke musu a kansa yana da amfani ko babu ba, duk kun gudu kun koma littafi.

Ummu_Sudais: Fim ɗin ma ai mata ne ke rubuta wasu yanzu, daga littafi suka tsallaka. Duk kanwar ja ce.

Zee_Marubuciya: Tsaya Dakta, kafin a yi nisa. Rumbun nan kyauta za a riƙa shiga? Domin ni da ₦500 ɗin da kowace mai karatu ke biya nake sayen data da biyan kuɗin makarantar yara biyu. Matan Amurkan da Sakura ke faɗa ba da shi suke ci ba. In an zuba nawa kyauta gobe, wa zai sake biya?

Dr_Hauwa_Zariya: Sai a ce littafi ba ya shiga sai ya shekara uku ko biyar da fita, kuma da izinin mai shi.

Zee_Marubuciya: Biyar. Kuma a rubuce, ba a saƙon murya ba.

Sadiq_Dorayi: To kuɗin ajiye shi a intanet duk shekara fa, wa zai biya? Zauren nan da ko kuɗin gudummawar bikin Admin sai da aka yi wata biyu ana roƙo.

Admin_Fati: Sadiq, kai ma ba ka biya ba har yau.